Ranar da Kotu Ta Shigo Ɗakin Takabata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kotu ta shigo ɗakina ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ni ban yi boko ba, ajami ma ban iya ja ba. Malama Asabe, maƙwabciyata da ke koyarwa a firamare, ita ke rubutawa ina faɗa mata. Na sa a rubuta ne don labarin ya riga ya zagaye ƙauyenmu har ya kai kasuwar Bagwai, kowa yana ƙara masa gishiri. Gara a ji shi daga bakin wadda ta sha kunyar.

Malam, maigidana, ya rasu ana tsakiyar rani. Ya bar min ɗaki, ya bar min carbinsa, ya kuma bar min shari'a.

A nan wajenmu gona jingine take da gona, ba inda za ka taka a ce ba mai shi. Iyaka kuwa shuka ce, wani gamba, wani bini-da-zugu. Tamu lalle ce. Ni na kawo irin daga gidanmu, Malam yana haƙa ina dasawa, tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu. Da Alhaji Sale ya sayi gonar da ke gefenmu don ya yi gidan kaji, sai yaransa suka sare lallen, suka ja waya, wayar ta haɗiye gayaunata, ɗan wurin da nake shuka kuɓewa da yakuwa. Dagaci ya yi ƙoƙarin sulhu bai yiwu ba, Malam ya kai ƙara babbar kotu. Kotu ta ce kada kowa ya taɓa wurin sai an yanke hukunci. Damina guda ta wuce, ciyawa ce ta ci moriyarsa.

Dattawan da suka san iyakar duk sun riga Malam tafiya. Yana kwance ciwon ajali ya ce min, “Idan sun tambaye ki, ki nuna musu inda lallen ya bi. Ke kaɗai kika rage.” (Dakata, Asabe, in share idona. Har yau ban iya faɗar wannan maganar in wuce ba.)

Ina cikin takaba ɗana Garba ya shigo min da lauyar da ke riƙe da shari'ar, Barista Rabi daga Bici. Yarinya ce, da hijabinta, ba ta kai 'yata ta tsakiya ba. Na ja Garba gefe na ce, “Mace ma tana lauya?” Ya ce, “Inna, har alƙali suna yi.” Na ce ikon Allah, muna nan zaune duniya ta yi nisa.

Ta durƙusa ta yi min ta'aziyya, sannan ta ce an sa sunan Garba a madadin na Malam, shari'a tana nan ba ta mutu ba, abin da ya rage shaidata ce. In na ba da ita a ranar da aka tsayar, akwai fatan a gama kafin ruwa ya sauka. In ta kuɓuce, sai kuma wata daminar.

Na ce, “'Yar nan, ni ko zaure ba na leƙawa. Takaba nake.”

“Ba sai kin fita ba, Inna. Yanzu kotu tana yarda mai uzuri ya ba da shaida ta na'ura. Na roƙa, lauyan Alhaji bai ƙi ba, mai shari'a ya amince.”

“Alƙalin zai zo nan ke nan?”

“A'a, yana kan kujerarsa, ke kina kan tabarmarki. Zai gan ki, ki gan shi, ku yi magana.”

“To, ni ce na je, ko shi ne ya zo?”

Ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce, “Wallahi Inna, mu lauyoyi ma mun daɗe muna wannan gardamar.”

Na yi ta jero mata tambayoyi, don ni Allah ya yi ni da son sanin yadda abu yake. Ta ce yanzu takardun ƙara ma akan tura wasu ta waya, ba sai ƙafa ta kai ba. Ta ce ba a barin mai shaida ya kwararo labari tun daga farko kamar da, a gida ake rubuta maganarsa, a karanta masa, ya dangwala yatsa, ranar kotu kuma ya ce tasa ce, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Haka muka yi. Na ce mata amma akwai abu ɗaya, ni ban taɓa kama sunan Malam ba yana raye, ba zan fara don ya kwanta dama ba. Ta ce ba komai, ita za ta faɗi sunan, ni in ce shi ne. Ta kuma kafa min dokoki: kada in amsa abin da ba a tambaye ni ba, in ban sani ba in ce ban sani ba, kada in yi fushi ko an tsokane ni. Dokoki da yawa ta ba ni. Guda ɗaya ce ba ta zo mata a rai ba, don ba ta zaci akwai mai buƙatar a faɗa masa ba.

Bayan ta tafi, tambayar nan ta ƙi barina. Na aika Garba wajen liman ya tambayo ko wannan abu zai ɓata min takaba. Liman ya ce a'a, tunda ban fita ba. Shi ke nan, sai na zauna na yi lissafina na tsofaffi. In ban fita ba, kuma mun haɗu da alƙali ido da ido, to ba ni na je ba. In ba ni na je ba, shi ne ya zo. Wanda kuwa ya zo ɗakina, baƙona ne.

A gidan Malam ba a taɓa sallamar baƙo hannu sake ba. Ko mai tambayar hanya ne sai an biyo shi da wani abu, ko ƙullin barkono. In na manta, Malam ba ya faɗa, kallona kawai yake yi, kallon ya fi faɗa zafi. Sai a ce baƙi na farko masu girma da za su shigo bayan ransa su fita haka? Na kira aminiyata Tabawa, tsohuwa irina, na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, “Alƙali guda a ɗakin matar Malam? Ai wannan zabuwa ce, ba ƙasa da haka ba.”

Da Barista Rabi ta sake zuwa na tambaye ta su wa da wa za su kasance a cikin na'urar. Ta zaci tsoro nake ji, ta riƙe hannuna tana lissafo min su a hankali: mai shari'a, magatakarda, tafinta, lauyan Alhaji, Alhajin kansa, da Garba. Tana faɗa ina rabo a zuciyata. Ban gaya mata ba, don ba a sanar da baƙo tsarabarsa, sai ya miƙe zai tafi ake fito da ita.

Muka ƙulla wa magatakarda daddawa, tafinta busasshiyar kuɓewa, lauyan Alhaji soyayyiyar gyaɗa. A kan Alhaji Sale muka yi gardama. Tabawa ta ce ko ƙwayar gero kada ya gani. Na ce Malam bai taɓa tambayar halin baƙo kafin ya sallame shi ba. Na ƙulla masa kuka. (Rubuta gaskiya, Asabe, ƙullinsa ya fi na kowa ƙanƙanta.) Duka muka tura ƙarƙashin gado. Zabuwar kuwa muka ɗaure mata ƙafa da tsumma, muka kifa mata kwando a bayan gado, muka rufe da zane. Tabawa ta ce in dai tana cikin duhu ba za ta ce uffan ba. Tabawa ba ta taɓa kiwon zabi ba, daga baya na tuna.

Ranar ba da shaidar, da hantsi, Barista Rabi ta iso, ta ɗora baƙar riga a kan hijabinta. Ta kifa turmi ta aza kwamfutar a kai, ta rataye wata 'yar waya a ƙusar taga, ta ce nan ne iskar maganar ta fi kamawa. Matan unguwa sun cika tsakar gida, wai sun zo taya ni zama. Sun zo kallo ne.

Sai ga mutane sun fito a jikin gilashin. Mai shari'a can sama, dattijo mai farin tabarau, fanka tana juyawa a kansa. Ga Garba a benci, ga Alhaji Sale da babbar riga. Na leƙa bayan kwamfutar in ga ko akwai wani abu, ba komai sai ƙura. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya har Barista ta taɓa gwiwata.

Mai shari'a ya ce kafin a fara sai a nuna masa ɗakin kaf, don ya tabbata ba mai raɗa min amsa. Aka fitar da Tabawa tana gunaguni. Barista ta ɗaga kwamfutar tana juyawa da ita, ya ga gado, ya ga jeren kwanukana, ya ga kwandon da ke rufe ya wuce. Da aka zo kan buzun Malam da sandarsa da hularsa a rataye, sai ya ce a tsaya. Ya bar Turanci ya ce da Hausa, “Na marigayin ne? Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri, Inna.”

Hawaye suka zubo min. A raina na ce, wannan bawan Allah har ta'aziyya ya yi min, ya ci zabuwarsa.

Aka rantsar da ni zan faɗi gaskiya. Barista ta faɗi sunan Malam, na ce shi ne. Ta nuna min yatsana a takarda, na ce nawa ne. Sai lauyan Alhaji ya miƙe, wani dogo mai kaifin murya, yana tambaya da Turanci tafinta yana juya min. Ya ce ta ina lallen ya bi? Na ce daga gindin aduwa zuwa tsohuwar rijiya. Ya ce ina shaidar haka tunda babu lallen? Na ce an sare sama ne, ban jin an tone saiwa. Ana cikin haka mai shari'a ya ƙame, baki buɗe, ido a kaina, ko ƙiftawa ba ya yi. Na ce na yi laifi ne? Barista ta ce na'urar ce ta daskare, ta miƙe ta gyara wayar taga, sai ya ci gaba da motsi kamar ba abin da ya faru. Na ce a raina, ashe mutum yana iya sandarewa ya dawo bai sani ba.

Komai yana tafiya daidai. Har na fara jin kaina.

Sai zabuwa ta ɓarke da kuka.

Wanda ya san kukan zabuwa a fili, to ya ƙaddara shi a cikin ɗaki. Kwando ya hau rawa, zane yana motsi. Lauyan Alhaji ya ɗaga hannu ya ce akwai wani a ɗakin, a sake nunawa. Barista Rabi ta dube ni, ta ɗauki kwamfutar ta zagaya bayan gado, ta yaye zanen, ta ɗaga kwandon. Ga zabuwa a ɗaure tana harare-harare. Na ji dariya ta tashi a kotu. Mai shari'a ma yana murmushi ya ce, “Inna, me ya kawo zabuwa bayan gado?”

An tambaye ni, na san amsa, na kuma rantse. Duk dokokin Barista na cika su. Na gyara mayafina na ce, “Taka ce, ranka ya daɗe. Na so sai ka tashi tafiya in ba 'yar nan ta kai maka.”

Kowa ya ƙame. Na juya zan ce wa Barista ta gyara wayar taga, abin ya sake daskarewa. Sai na lura fankar da ke kan mai shari'a tana ta juyawa abinta. Na ga Garba ya jawo hularsa a hankali ya rufe fuska.

Lauyan Alhaji ya yi ta zuba Turanci, yana nuna ni, yana nuna sama. Tafinta ya yi gyaran murya kamar ba ya son faɗa. Ya ce, “Inna, yana cewa kin yi wa kotu tayin toshiyar baki a bainar jama'a. Yana da damar ya nemi mai shari'a ya janye, a kai shari'ar gaban wani alƙalin, a faro ta daga tushe.”

Toshiyar baki! Ni matar Malam, da furfurata, ina cikin takaba, ga buzunsa yana kallona. A tsakar gida na ji mata sun ɗauki salati, na kuma ji ƙarar silifas ɗin Tabawa tana nufar zaure da saurin da ban san tana da shi ba. A faro daga tushe, wato damina ta tafi ke nan, kuma wa ya ba ni tabbacin zan kai wata? Abu ɗaya Malam ya bar min in yi masa, na ɗauka na ɗaure shi a ƙafar zabuwa. Na dubi Barista, ta kafa ido a ƙasa, don doka ba ta ba ta damar ce min komai ba.

Mai shari'a ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, “Wa ya ce ki ba ni?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe. Ɗakina ka shigo.”

“Ni ina kotu, Inna.”

“Liman ya ce ban fita ba. In ban fita ba, ai kai ka zo.”

Ya dube ni. Na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya ce, “To ni kaɗai na zo?”

“A'a, kowa da nasa.”

Na durƙusa na shiga jawo ƙulle-ƙulle daga ƙarƙashin gado, ina ɗagawa ina faɗar mai shi. Daddawar magatakarda, kuɓewar tafinta. Na ɗaga gyaɗa na ce ta dogon nan ce mai tambayoyi. Dogon ya manta da Turancinsa ya ce, “Ni gyaɗa, mai shari'a zabuwa?”

Na ce, “Soyayyiya ce, ɗan nan.”

Kotu ta kece da dariya har wani ɗan sanda ya yi tsawa. Na ɗaga ƙullin ƙarshe na ce, “Wannan kukar ta Alhaji Sale ce.”

Alhajin bai yi dariya ba. Na ga ya jawo rigar lauyansa, suka yi ƙus-ƙus, sannan ya nemi izini ya miƙe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na san gidan nan. Ranar da na je musu ta'aziyya, muna tsakiyar shari'ar nan, sai da aka biyo ni da ƙullin daddawa har bakin mota. Iyaka dai ina nan a kan bakana. Amma wannan ba toshiya ba ce, halinsu ne.” Lauyansa ya sunkuya ya ce ya janye maganarsa.

Mai shari'a ya daɗe yana rubutu. Da ya ɗago ya ce kotu ta gamsu ba mugun nufi, amma ko ƙwayar gyaɗa kada ta fita daga ɗakin nan zuwa hannun kowa. Ya ce, “Inna, alƙali ba baƙo ba ne, ko a kan tabarmarki kika gan shi. Abin da za ki ba ni kin ba ni, shi ne shaidarki.” Ya juya kan lauyoyin ya ce tunda yanzu kotu ta fara shiga ɗakunan mutane, sai su riƙa tuna cewa kowane ɗaki da al'adarsa, su ƙara wannan a cikin abin da suke gaya wa masu shaida. Sannan ya ba da umarni a kwance zabuwar. Barista da baƙar rigarta ta durƙusa ta kwance ta, zabuwar ta yi fiffike ta fice ta kan matan tsakar gida.

Bayan an kashe na'urar na ce, “'Yar nan, duk an rubuta?”

Ta ce, “Har da muryar zabuwar, Inna. Ana ɗaukar komai.” Ta zauna a bakin gado ta yi dariya har hawaye, ni kuma ina kuka, muka rasa wa zai rarrashi wani.

Ba a daɗe da fitata takaba ba mai shari'a ya zo ganin gonar da ƙafarsa, hadari yana haɗuwa yana watsewa, zafi kamar a gasa gurasa. Aka haƙa daga gindin aduwa zuwa tsohuwar rijiya, saiwar lalle tana nan a jere. Da za su koma, ta ƙofar gidanmu suka bi, gumi ya jiƙe masa riga, ga randata cike da ruwa mai sanyi. Wannan karon shi ne ya zo, ba gardama. Na miƙa hannu wajen moɗa, Barista Rabi ta riƙe min wuyan hannu ba ta saki ba sai da motarsu ta ɓace. Ban taɓa jin nauyin abu kamar wannan ba.

An yanke hukunci, waya ta koma inda ya kamata, na shuka kuɓewata a ruwa na biyu, na sake dasa lallen ni kaɗai. Na tambayi Barista ko yanzu da aka gama zan iya aika masa zabuwarsa. Ta ce ko bayan na yi tattaɓa-kunne ba zai yiwu ba. Ta ce a taronsu na lauyoyi ma ta ba da labarin, ba ta kama suna ba, yanzu kafin ta kunna na'ura a gidan kowa sai ta leƙa bayan gado.

Zabuwar tana nan. Ba mai iya yanka ta, don ni a wurina an riga an bayar, mai ita ne bai karɓa ba. Tana cin dawata tana yi min ihu da asuba, Tabawa kuwa har yau cewa take ita ba ta ba ni shawara ba. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne wanda zai fi kowa dariyar wannan abu ba ya nan. Da Malam yana raye, sai ya yi shekara yana tsokanata, sannan a ƙarshe ya ce ƙullin Alhaji Sale ya yi kaɗan.

Yanzu dai na yi hankali. Ko a waya jikokina suka nuna min fuskar mutum, kafin in tashi neman abin da zan ƙulla masa, sai na fara tambaya: wannan baƙo ne, ko hukuma?